Ƙafar Hagu Shida

Masu cewa ba ni da kunya, ku matso kusa. Yau zan gaya muku abin da kunya ta jawo mini a kasuwar Misra, daga nan kowa ya yanke hukuncin da ya ga dama.

Sunana Larai. Ran Laraba aka haife ni a Karofi, Baba yana can kasuwar Dutsin-Ma da buhunan wakensa, a bakin sikeli aka yi masa albishir. Shi ya sa in na matsa wa mutum da ciniki, Inna kan ce, "Ku ƙyale ta, da kasuwa aka haife ta." Abaya da mayafai nake sayarwa ta waya, 'yan matan jami'a su ne masu sayen kayana. Akwai kuma abu ɗaya da Allah Ya ba ni wanda ba ya ɓoyuwa, wato ƙafa. Lamba arba'in da biyu nake sawa. Tun muna sakandare ake ce mini ƙafar noma, kuma ban taɓa musu ba, don na yi noman.

Sirajuddeen ɗan Kurfi ne, yana da shagon kayan babur a Dutsin-Ma. Shekara biyu yana zuwa zance ƙofar gidanmu, yana jingina da babur ɗinsa yana tsokanata wai in mun yi aure ba zai sayi kwale-kwale ba, takalmina ya ishe mu haye dam ɗin Zobe. Ina dariya, don ina son sa. Ba zan yi muku ƙarya a nan ba. Bara da kaka baffansa Alhaji Manu ya zo da dattawa uku, da goro da alewa, suka yi gaisuwa, Baba ya ce ya ba su. Daga ranar sai shiru. Ba sa rana, ba lefe. Duk wanda ya zo nemana bayan haka, Baba ya ce masa an riga shi. Amma a cikin gida kullum maganarsa ɗaya ce: "Larai, wake ma in ya daɗe a rumbu ƙwaro yake yi. Ki tambayi yaron nan mi yake nufi."

Ana cikin haka Yasmin ta ce in zo mu je Alƙahira saro kaya. Yasmin ƙawata ce tun aji ɗaya, ɗiyar wani Alhaji mai gidan mai, ta je Misra ya fi sau biyar. Na tattara jarina, na sayar da tumakina biyu, na shirya. Saura mako guda sai ta ce ai Hussaina ma za ta bi mu. Hussaina ƙanwar Siraju ce, uwa ɗaya uba ɗaya.

A filin jirgi na Kano, muna jiran a kira mu, Hussaina ta buɗe jakarta ta nuna mini gefen wata takarda a ninke.

"Hajiya ta ba ni aike," ta ce, tana kallon wani wuri tana murmushi.

Kun san yadda zuciya take. Uwar saurayinki ta aiki ɗiyarta ƙasar waje da doguwar takarda, mene ne in ba lefe ba? Na sunkuyar da kai, na ja mayafi na rufe rabin fuska.

"Sai dai kayan da yawa," ta ci gaba. "Kowa akwati biyu jirgi ya yarje masa. Hajiya ta ce ko za ki bar mana ɗaya daga naki? Ai duk kayan gida ne."

"Ba komai," na ce. Rabin kayan sana'ata na bayar a kalma biyu, ina jin daɗi kamar an ba ni kujerar Makka.

A gidan Goggo Sodangi muka sauka. 'Yar Birchi ce, mijinta ya zo karatu shekara goma sha biyar da suka wuce suka zauna. Ita ke saukar da mata 'yan kasuwa, ta raka su kasuwa, ta ɗaure musu kaya. Siririya ce, ba ta da yawan magana, amma idonta ba ya barin komai ya wuce. Falonta cike yake da akwatunan mutane da naɗin selotef, ga sikelin rataye a jikin ƙofa, ga warin turaren wuta haɗe da na daddawar da baƙi ke kawo mata tsaraba.

Ina ajiye jaka saƙon muryar Inna ya shigo.

"Larai, kun sauka lafiya? To ji nan. Kin ce lefe za su saya. Sun tambayi lambar takalminki? Sun tambayi awon rigarki? Haka ake yi, dangin ango su aiko a ba su. Mu dai ba wanda ya zo nan."

Na rubuta mata, "Inna, Hussaina ta san ƙafata. Wa bai san ta ba a Dutsin-Ma?" Na ƙara hoton dariya guda uku.

Washegari muka shiga kasuwar Ataba. Na sha ganin kasuwa, amma wannan ba ta da bakin shiga ba ta da na fita. Lungu cikin lungu, abaya rataye har sama kamar jemagu, mai kura yana ihu a bayanka, mai shayi yana ratsa mutane da faranti bai zubar da ɗigo ba. Da sun ga baƙar fata da mayafi sai ka ji, "Hajiya, zo! Araha, araha!" Hausarsu ke nan gaba ɗaya, sauran ciniki a kalkuleta ake yi, ya danna ya miƙo, ka goge ka danna ka mayar.

To ga inda kunya ta shigo. A wurinmu amarya ba ta kallon lefenta sai an kawo shi gidan ubanta. Ba ta zaɓa, ba ta taɓawa, ko hanyar da aka bi da shi ba ta kallo. Wadda ta leƙa, har ta tsufa dangin miji suna faɗa. Saboda haka duk shagon da muka shiga, da na ga Hussaina ta zaro takardar nan, sai in ce, "Bari in duba wancan layin." In fita in tsaya a rana, in sayi ruwan rake ina sha, ina kallon motoci. Yasmin kuwa sai ta zauna a ciki, wai tana taya Hussaina zaɓe. Har godiya na yi mata.

"Ki zaɓa mini mai kyau, kin san abin da nake so."

"Haba Larai," ta ce, "kamar kaina zan zaɓa wa."

Ku riƙe wannan maganar.

Rana ta biyu muka yi faɗan farko, ba a kan lefe ba. A kasuwar Muski na hango wasu mayafai ruwan zuma masu ɗinkin hannu a gefe, dozin ɗaya tak suka rage. Na san 'yan jami'a za su yi rububinsu. Ban taɓa su ba. Baba ya koya mini: abin da kake so, kada hannunka ya fara zuwa kansa. Na ɗaga baƙi na ajiye, na ɗaga shuɗi na yatsine fuska, sannan na nuna ruwan zumar da haɓa kamar ina jin tausayinsu. Mai shagon, wani tsoho mai tabon sallah, ya danna kalkuleta. Na raba biyu na mayar. Ya dafe ƙirji, ya kira sunan Allah, ya sa aka kawo shayi. Muka yi ta ja kusan rabin awa. Na miƙe na yi taku uku zuwa ƙofa, na ji ya ja numfashin da mai kaya ke ja in zai sallama.

Sai Yasmin ta miƙa hannu ta saman kafaɗata, ta karɓi kalkuletar, ta danna farashin da ya faɗa da farko.

Tsohon ya dube ta, ya dube ni. Ya ɗaga kafaɗa ya fara naɗe mata.

"Yasmin, mene ne haka? Ina cikin ciniki!"

"Ai na ga kin tashi."

"Tashin ciniki ne, kin sani sarai. Ba a ciniki a kan cinikin wani, ko a Islamiyya an koya mana."

"To Malama Larai. Kin tsaya kina ta jan rai kamar kina awon wake a Karofi. Nan abin da ka gani kana so ɗauka kake yi."

Hussaina ta ƙyalƙyale da dariya har tana dafa bango. "Wallahi kuwa. Mai jan rai shi ke kwana da yunwa."

Na haɗiye. Ƙanwar miji ce, ba a fara rigima da ita tun kafin a shiga gidan. A hanyar komawa Goggo Sodangi ta jero da ni, ta ce a hankali, "Ɗiyata, kin iya ciniki. Amma kina kallon mai kaya, ba kya kallon wanda ke tsaye bayanki." Na ɗauka maganar mayafi take yi.

Rana ta uku layin takalma. Takarda ta fito, ni ma na fita. Ta gilashin shagon na hango Yasmin zaune a kujera, ta miƙe ƙafa, mai shago ya durƙusa yana sa mata wani mai ruwan gwal. Na tsaya ina kallon ƙafarta. Na ce wa kaina, nata take saya, ba ita ma kasuwa ta zo ba? Na juya baya na ƙara kofin rake.

Ran Alhamis bayan la'asar aka fara ɗaurin kaya, don jirginmu na Asabar ne. Hussaina da Yasmin suka ce sun manta turare, suka fita. Ni ina gefe ina danna abayoyina cikin akwati ɗayan da ya rage mini, ina cire wasu ina mayarwa, don ba za su shiga duka ba. Goggo Sodangi tana tsakiyar falo da ɗaya akwatin nawa, wanda na bayar, tana shirya kayan aiken Hajiya. Na ba ta baya don kada in gani.

Ita Goggo tana da yadda take aikinta. Kwali ba ya hawa jirgi a gidanta, ta ce nauyin banza ne. Duk takalmi sai ta fitar da shi daga kwalinsa, ta cusa masa 'yan kunne ko kwalbar turare a ciki, ta haɗa ƙafa biyun ta ɗaure da roba.

"Larai, riƙe mini wannan, robar ta tsinke."

"Goggo, kayan lefe ne. Ba na so in..."

"Na ce riƙe mini."

Na miƙa hannu ta baya, ta ɗora mini. Tun kafin in duba, hannuna ya gaya mini. Takalmin bai kai tsawon wanda na saba riƙewa ba. Na juyo da shi. Mai ruwan gwal ɗin nan ne. A ƙasansa an buga talatin da takwas.

Na ajiye, na ɗauki na biyu. Talatin da takwas. Na uku, baƙi mai tsini. Na huɗu. Ƙafa shida aka saya, duk lamba ɗaya. A ƙarƙashinsu ga mayafai ruwan zuma, dozin ɗaya, a ninke.

Goggo ta dubi takalmin, ta sauke ido kan ƙafata da ke shimfiɗe a kafet.

"Kwana uku ina kallo," ta ce. "Wadda ake aunawa daban, wadda ke fita rana tana jin kunya daban. Na ce ko al'adar Karofi ce ta canza bayan tahowata."

Ban yi kuka ba. Ina so ku sani, don wasu za su ƙara gishiri. Na dai tuna saƙon Inna da hoton dariya ukun da na aika mata.

Ƙofa ta buɗe, suka shigo da ledoji suna hira. Suka gan ni zaune da takalmin gwal a cinya. Hirar ta mutu.

"Lale da 'yan kasuwa," na ce. "Hussaina, zo ki sa mini wannan, na kasa."

"Wa ya ce ki taɓa? Amarya ba ta..."

"Wace amaryar?"

Hussaina ta juya ta dubi Yasmin. Yasmin ta ajiye leda a hankali tana gyara zoben hannunta.

"Larai, ki bari mu koma gida, manya za su yi magana."

"Manya sun yi magana bara, a zauren ubana, da goro. Ke a wane zaure aka yi taki?"

"Ni ban nemi kowa ba. Hajiya ce ta je wurin Mamana."

"Kika ce mata an riga ki?"

"Shekara guda ba a sa rana ba, shi ne an riga ni? In mutum yana son kaya ai ɗauka yake yi."

"Haka kika yi a Muski."

Hussaina ta cire mayafi ta jefar kan kujera, ta riƙe ƙugu. "To tunda kin gani, kin hutar da mu. Hajiya ta ce ba za ta haɗa jini da masu kwana a gonar wake ba. Baffa Manu ne ya yi gaban kansa. Kuma Yaya Siraju ba yaro ba ne, ya san komai."

"Amma akwatin 'yar gonar wake bai yi muku wari ba."

"Au, gori za ki yi? Akwati ɗaya?"

"Jarina ne rabi, Hussaina. Tumakina biyu. Kun sa ni na tsaya a rana kwana uku ina jin kunyar lefen wata, sannan in ɗauko shi a kaina in kai mata har Dutsin-Ma. Ko jaki ana ba shi dusa."

"Ke kika fita da ƙafarki, wa ya kore ki?" Yasmin ta ce. Sai ta dubi ƙafar tawa, bakinta ya motsa kamar za ta yi dariya.

Wannan kallon ne ya tsayar mini da zuciya. Na ajiye takalmin a kafet, na dangana ƙafata kusa da shi, na ɗauki hoto. Kamar uwa da ɗiya. Na aika wa Siraju ba tare da kalma ko ɗaya ba.

Ya gani nan take. Ya fara rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa, ya tsaya. Ni kuwa, Allah Ya yafe mini, a cikin wannan ɗan lokacin ina roƙon ya ce bai sani ba. Da ya faɗa, da na yarda. Ga abin da ya shigo:

"Larai kiyi hakuri abin yafi karfina. In kun dawo zamuyi magana. Don Allah ki kula da akwatin kar wani abu ya bata."

Na karanta sau biyu. Shekara biyu a ƙofar gidanmu, abin da ya dame shi akwati.

Na tashi. Na kama akwatina ta gindi na kifar. Atamfa, leshi, jakunkuna, mayafai ruwan zuma, duk suka zube a kafet ɗin Goggo. Hussaina ta kurma ihu. Ban kula ta ba. Na durƙusa na tsinke robobin ɗaya bayan ɗaya, na zazzage abin da aka cusa a ciki na ajiye musu, na ware ƙafar hagu ta kowane takalmi. Gwal, baƙi, ja, fari, mai duwatsu, mai igiya. Na zuba su a jakar hannuna, na ja zif, na zauna a kai.

"Ɓarauniya!" Hussaina ta yo kaina. "Ba ni kayan yayana!"

"Zo ki ɗaga ni. Buhun wake nake ɗauka tun ina shekara goma sha biyu."

Ta tsaya. Ta juya wurin Goggo. "Goggo, kina gani a gidanki!"

Goggo tana naɗe tsinkakkiyar roba a yatsa. "Ni ɗaurin kaya na iya. Akwati nata ne, ta karɓi abinta. Ku nemi inda za ku zuba naku."

"Ba sata ba ce, ajiya ce," na ce. "Ku ji da kyau, don ku kai saƙon daidai. Da rana tsaka Alhaji Manu ya shigo zauren ubana ya nemi aurena, unguwa ta ci goro. Shekara guda Baba yana korar mutane saboda maganarku. In kun fasa, ba a fasawa ta bayan gida. Waɗanda suka kawo goron su dawo zauren, su dubi idon Baba su ce sun janye. Ranar zan ba su takalmansu, ko ƙura ba za su yi ba."

"Sai mu sayi wasu," Yasmin ta ce. "Kasuwa ba ta ƙare ba."

"Ki saya, gobe ma akwai kasuwa. Waɗannan dai suna wurina, da lambarki a ƙasansu. Duk matar da ta shigo gidanmu ta tambayi ina aka kwana maganar aurena, zan jera mata su a tabarma in sa ƙafata a gefe. Ba zan ce komai ba. Kin san matan Dutsin-Ma, ba sa buƙatar fassara."

A karon farko tun Kano, na ga fuskar Yasmin ba murmushi. Suka kwashi kayansu a hannu kamar masu gudun gobara, suka shige ɗaki suka bugo ƙofa. Ina jin Hussaina tana kuka a waya tana cewa, "Hajiya, ta haukace!"

Na mayar da abayoyina cikin akwatina na biyu. Duk suka shiga, har da sauran wuri. Goggo ta rataya a sikeli, ta ce gobe da safe mu koma Ataba in cike. Sannan na yi abin da ya fi komai wuya, na danna waya na gaya wa Inna duka, tun daga takardar Kano har zuwa lambar takalmi. Na ce ta sa wa Baba ya ji.

Ana kiran magariba amsa ta zo. Ba muryar Inna ba ce. Baba bai taɓa aiko mini saƙon murya ba a rayuwarsa, har ana jin Inna a gefe tana cewa ya danne ya riƙe.

"Larai. Na ji. Na kira Alhaji Manu. Ya rantse bai san an je wani gida ba, ya ce shi ba a mai da shi ƙaramin mutum, tun ɗazu ya hau mota ya nufi Kurfi. Ke kuma ki riƙe takalman nan da kyau, kada ki sa su a kaya, ki hau jirgi da su a hannu. Na sa an share zaure."

Saƙon bai gama ba wayar ta fara ruri. Siraju. Ta katse, ya sake kira. A kira na huɗu Hussaina ta leƙo daga ɗaki, ido jajir, murya ta sauka.

"Anti Larai, don Allah ki ɗauka. Baffa Manu yana gidanmu."

Yau na zama Anti. Na buɗe jakar hannuna, na zura wayar cikin takalmin gwal, na ja zif. Ta shiga daidai, kamar don ita aka yi shi. Na tashi na yi alwala, tana can tana ruri a ƙafar hagu.